Sharhi a Kan Suna na Biyu da Dacewarsa da Sunan Yanka

A 'yan shekarun nan wata mas'ala ta taso wa iyaye a ƙasar Gaya da Ajingi, har ta iske garuruwa irin su Balan, inda a da ba a san wata wahala a sha'anin raɗin suna ba wadda ta wuce ta neman rago da goro. Mas'alar kuwa ita ce, bayan an zaɓa wa jariri sunan yanka, wane suna za a biyo da shi wanda zai zauna tsakaninsa da sunan mahaifi, kuma ta ƙaƙa za a gane cewa sunayen biyu sun dace da juna. Dalilin tambayar a fili yake, domin kowace takarda hukuma ta miƙo wa mutum a yau, ko ta asibiti, ko ta makaranta, ko ta banki, sai ya tarar an yanka masa gurbi uku, alhali shi a gida suna biyu ya sani, nasa da na ubansa, ko kuwa ya san huɗu ko biyar waɗanda bai taɓa tunanin jera su a layi ɗaya ba. Daga nan ruɗani ya shigo. Wasu suka ɗauka cika gurbin tsakiya wajibi ne ko da mene ne, wasu suka ce bidi'a ce ta Nasara wadda bai kamata Musulmi ya kula ta ba, wasu kuma suka mai da shi wurin ado, suna neman kalma mai daɗin ji ko da ba su san ma'anarta ba.

Ma'anar kalmomin da ake cuɗanyawa

Kafin a shiga hukunci ya kamata a rarrabe abubuwa biyar waɗanda baki ya saba tarawa ƙarƙashin kalma ɗaya. Na farko sunan yanka, shi ne wanda ake yi wa jariri huɗuba da shi, a bayyana shi ga jama'a ran bakwai, a yanka rago dominsa; wannan yankan shi fuƙaha'u, watau malaman fiƙihu, suke kira aƙiƙa. Na biyu laƙabi, shi ne sunan da ke bin na yanka saboda wata siffa, ko ranar haihuwa, ko halin da aka haifi yaro a ciki, ko kuma don an gaje shi tare da sunan daga wani magabaci. Na uku alkunya, wadda a wurin Larabawa take nufin kiran mutum da Abu wane ko Ummu wane, a wurinmu kuwa ta zama sunan da ake sakaya na yanka da shi saboda nauyin baki, kamar a riƙa ce wa yaro Abba ko a ce wa yarinya Uwani don sun ci sunan kakanninsu. Na huɗu nasaba, watau danganta ɗa ga ubansa. Na biyar nisba, watau danganta mutum ga garinsu ko sana'ar gidansu.

Amma abin da ake ce wa sunan tsakiya, gurbi ne a cikin fom, takardar nan mai layuka wadda hukuma ke bayarwa a cike. A al'adar Ingila da Amurka, inda tsarin ya fito, suna ne na biyu na yaron kansa wanda iyaye ke zaɓa masa tare da na farko, sa'an nan sunan zuriya ya zo a ƙarshe, shi kuwa ba ya sauyawa daga kaka har jika. Mu ba mu da irin wannan sunan zuriya sai a gidaje kaɗan, domin a wurinmu kowane ɗa sunan ubansa yake ɗauka, jika kuma ya ɗauki na nasa uban. Saboda haka da gurbin ya zo mana, kowa da abin da ya zuba a ciki: wani laƙabinsa, wani sunan mahaifinsa, wani ma rabin sunansa na yanka.

Abin da Bahaushe ya gada

Wanda ya halarci suna a Balan ko a wani gari na ƙasar Gaya ya san yadda abin ke gudana. Da an idar da sallar asuba ran bakwai sai maza su taru a ƙofar gida bisa tabarmi, a raba goro da dabino, uban yaro ko wansa ya matso kusa da liman ya raɗa masa sunan a kunne, liman ya yi addu'a a shafa, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, mata su amsa da guɗa daga cikin gida, mahauci ya kama rago, wanzami kuma ya zauna ya kwance zabirarsa don askin jariri. Wannan tsari yana da tushe a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, littafin da kowane almajirin fiƙihu a ƙasar Kano ya sani. A can ne aka bayyana cewa aƙiƙa abin so ce, da dabba guda, a rana ta bakwai. Abin lura a nan shi ne, sau da yawa abin da maroƙi ke sanarwa ba kalma ɗaya ba ce. Yakan ce Muhammadu Sani, ko Abubakar Siddiku, ko Fatsimatu Zahra'u. Ashe ke nan suna na biyu ya daɗe a hannunmu tun kafin a kawo fom, kuma yana da ƙa'idoji waɗanda tsofaffin mata ma sun san su ko da ba su yi karatu mai zurfi ba.

Ƙa'ida ta farko ita ce ta tarihi, watau kowane suna daga cikin manyan sunaye yana tafe da abokinsa wanda ya gada daga mai sunan na asali. Abubakar yana tafe da Siddiku, Umaru da Faruku, Usmanu da Zunnuraini, Aliyu da Haidar, Ibrahim da Halilu, Musa da Kallamu, Haruna da Rashidu saboda halifan nan na Bagadaza. A wajen mata Hadizatu tana tafe da Kubura, A'ishatu da Humaira, Fatsimatu da Zahra'u ko Batula, Halimatu da Sa'adiyya domin mai shayar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, 'yar ƙabilar Banu Sa'ad ce, Rabi'atu kuma da Adawiyya saboda waliyyiyar nan ta Basra. Ɗariƙun Sufaye sun ƙara nasu: mabiyin Tijjaniyya ya sa wa ɗansa Ahmadu Tijjani don Shehin da ya rasu a Fas a 1815, Baƙadire ya sa Abdulƙadir Jilani don Shehin da ya rasu a Bagadaza a 1166. Sa'an nan ƙasar Hausa ta haifi nata, domin tun bayan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, duk Usmanu ya zama Shehu, kamar yadda Abubakar ya zama Garba, Yusufu ya zama Maitama, Hauwa'u ta zama Kulu, Zainabu ta zama Abu, A'ishatu ta zama Indo, Fatsimatu ta zama Binta.

Ƙa'ida ta biyu ta lissafi ce, kuma son Annabi ne ya haife ta. Magidanci yakan so ya sa wa 'ya'yansa maza duka Muhammadu, to don a bambance su sai a bi kowane da lambarsa da Larabci: Auwalu ko Lawal na fari, sa'an nan Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, har Ashiru na goma. Wasu kuma su bi Muhammadu da ɗaya daga siffofin mai sunan, irin su Aminu, Mustafa, Bashir, Nasiru da Muhtari. Fulanin da ke zaune tare da manoman wannan yanki suna da nasu lissafin, inda Dikko ke nuna ɗan fari, Sambo kuma mai bi masa.

Ƙa'ida ta uku ita ce ta hali da lokaci, nan ne kuma Hausa tsantsa ta fi bayyana. Wanda aka haifa ran Juma'a Ɗanjuma ne ko Jummai, na Laraba Balarabe ne ko Balaraba, na Alhamis Ɗanlami ko Lami, na Asabar Ɗan'asabe ko Asabe, na watan azumi Ɗan'azumi ko Azumi. Namijin da ya zo bayan mata Tanko ne, macen da ta zo bayan maza Kande ce ko Delu. Tagwaye Hassan da Husaini ne, mai bi musu Gambo. Wanda aka haifa bayan rasuwar ubansa Audi ne, wanda yayyensa suka yi ta mutuwa kafin ya zo kuwa akan ce masa Ajuji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ɗan guntun tarihin gida ne, wanda baƙo ma zai iya karantawa daga jin sunan. Ba mu kaɗai muke da wannan ba, domin a Gana, Kofi Atta Annan, wanda ya riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, sunansa na farko yana nuna an haife shi ran Juma'a, na biyu kuma yana nuna tagwaye ne. Amma al'ada ce, ba farilla ba: Nana Asma'u 'yar Shehu tagwaye ce da ɗan'uwanta Hassan, duk da haka mahaifinta ya zaɓa mata Asma'u.

Yadda gurbi uku ya same mu

Makarantar boko ce ta fara tilasta wa Bahaushe ya tsai da sunansa a kan takarda. Tun daga makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, zuwa Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, malami mai kiran rajista yakan tarar da Muhammadu da Abubakar da yawa a aji ɗaya, ga shi kuwa yaro mai tarbiyya yana jin nauyin ambaton sunan mahaifinsa a bainar jama'a, sai aka koma ga sunan gari. Ta haka aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano wanda sunan mahaifinsa Yusufu, da Alhaji Sule Gaya daga wannan ƙasa tamu. Sardauna kansa da Ahmadu Raba aka san shi yana ɗalibi. Daga baya aka saba da jera uku, suna da uba da gari, kamar Kabiru Ibrahim Gaya wanda ya yi gwamnan Kano daga 1992 zuwa 1993. A sunan Shehu Usman Aliyu Shagari kuwa, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, an tara huɗu a jere: laƙabi, da sunan yanka, da nasaba, da nisba. Muhammadu Buhari kuma, wanda duniya ta ɗauka Buhari sunan gidansu ne, sunan mahaifinsa Adamu. Buhari rabin sunansa ne na yanka, wanda aka ɗauko daga Imamul Buhari mai littafin hadisi.

Duk wannan bai zama matsala ba muddin mutum ne ke karanta takardar, domin magatakarda ya san Garba shi ne Abubakar, ya san Mamman da Muhammadu mutum ɗaya ne. Abin ya sauya da kwamfuta ta karɓi aikin. An kafa hukumar ba da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda ake kira NIN, da dokar 2007. Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN ta masu ajiya a 2014. Daga 2021 kuma hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ta ce ba mai yin rajista sai da NIN. Na'ura ba ta san laƙabi ba, ba ta san alkunya ba, harafi take gwadawa da harafi, gurbi da gurbi. Abin da ya kasance ado da ladabi a cikin gida sai ya zama abin da kan tsai da yaro a bakin taga.

Ra'ayoyin da ake da su

Dattawa da wasu malamai suna ganin suna ɗaya ya wadatar, a bi shi da na uba, in an nemi na uku a sa na kaka. Hujjarsu ita ce manufar suna a gane mutum, kuma aya ta 5 a Suratul Ahzabi ta yi umarni a riƙa danganta 'ya'ya ga ubanninsu, saboda haka duk abin da zai shiga tsakanin ɗa da sunan ubansa har ya rikitar da nasaba abin gudu ne. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ita ce ta fi dacewa da yadda sahabbai suka san junansu.

Wasu malaman suna ganin babu laifi a sa wa yaro suna fiye da ɗaya, domin Manzon Allah da kansa Muhammadu ne kuma Ahmadu ne, Ibnul Ƙayyim kuma, wanda ya rasu a 1350, ya tattauna halaccin haka a littafinsa Tuhfatul Maududi, wanda ya keɓe ga hukunce-hukuncen jariri. Suna ƙarawa da cewa akwai maslaha a ciki. Haƙƙin raɗa suna na uba ne idan aka yi saɓani, amma uwar da ta ɗauki ciki wata tara, ta sha wankan jego, ita ma tana da wanda take so a tuna, suna na biyu kuwa yakan kashe wannan wutar tun ba ta kama ba: a sa na kakan wajen uba a farko, na wajen uwa ya biyo. Ko a Amurka an yi irin wannan sulhu, domin harafin S da ke tsakiyar sunan Harry S. Truman, shugabansu daga 1945 zuwa 1953, an sa shi ne don a girmama kakanninsa biyu a lokaci guda.

Akwai kuma matasa waɗanda suka gaji da sunayen da suka cika gari, suna neman sabo daga tashoshin Larabawa, ko finafinan Indiya da na Turkiyya, ko intanet, har aka fara jin Afnan da Nihal da Aiman a ƙauyukan da a da Talatu da Ɗantala suka cika. Daura da su akwai masu kishin harshe, waɗanda ke cewa in dai gurbi ya samu, to a mai da Tanko da Delu da Nomau cikinsa kafin su ɓace. Ni a ganina ra'ayi na biyu da na huɗu sun fi kusa da daidai idan aka haɗa su, da sharaɗin a kiyaye abin da na farko ke tsoro. Na uku ma ba a hana shi ba, illa dai yana bukatar bincike wanda galibi ba a yi.

Mizanin dacewa

Idan an ce suna biyu sun dace, abu uku ake dubawa, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Ma'ana ce a gaba, sa'an nan tarihi, daɗin furuci ya zo a ƙarshe. Yawancin kurakuran da ake gani a yau daga juya wannan jeri suke fitowa.

Game da ma'ana, Hausawa sun ce suna linzami ne, shari'a kuma ta riga ta shata iyaka. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Abdullahi da Abdurrahman su ne mafi soyuwar sunaye a wurin Allah, ya kuma tabbata cewa Manzon Allah ya sauya wa mutane sunaye saboda munin ma'anarsu ko don suna ɗauke da yabon kai, kamar yadda ya mai da Barra ta zama Zainabu. Akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito mai kwaɗaitarwa a kyautata suna domin da shi za a kira mutum ranar alƙiyama, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa. Haramun ne a bautar da suna ga wanin Allah, haramun ne kuma a kira mutum da sunan da Allah ya keɓanta da shi. A nan ne wani kuskure ya ɓuya wanda fom ya haifar, kuma ya kamata limamai su yi ta faɗakarwa a kansa: mutum ya ɗauki Abdurrahman ya raba biyu don ya cika gurbi, ya rubuta Abdul a na farko, Rahman a na tsakiya. Abdul shi kaɗai magana ce da ba ta cika ba, Rahman shi kaɗai kuwa sunan Ubangiji ne, ga shi kuma na'ura takan yar da ɗaya ta riƙe ɗaya. Abdurrahman da Abdulƙadir da Abdul'aziz kowannensu suna ɗaya ne, gurbi ɗaya ya kamata ya zauna. Haka nan ba kowace kalma da ta zo a cikin Alƙur'ani ta cancanci zama suna ba, tun da a cikinsa aka ambaci Fir'auna da Hamana da Ƙaruna. Rubutun boko ma yakan ɓoye bambanci, domin Asiya matar Fir'auna, mace mai imani, da wata kalmar Larabci mai nufin mai saɓo, duk da haruffa ɗaya muke rubuta su, alhali a Larabci sun sha bamban, kuma mai ɗauke da ta biyun ce aka sauya mata suna zuwa Jamila. Wanda ya ji suna a talabijin ya burge shi, tafiya zauren malami ya tambaya ba za ta ci masa rabin yini ba.

Game da tarihi, abin nufi shi ne kada suna na biyu ya ƙaryata na farko. Wanda ya sa wa ɗansa Abubakar Faruku, ko 'yarsa Fatsima Humaira, bai yi zunubi ba, amma ya ɗauki rigar wani ya sa wa wani, kuma duk mai ilimin da ya ji zai ɗauka Faruku sunan uban yaron ne. Sani Salisu a matsayin sunan mutum ɗaya yana cewa shi ne na biyu kuma shi ne na uku. Hassan Gambo yana cewa shi tagwaye ne kuma shi ya bi tagwaye. Ladi Asabe tana da ranar haihuwa biyu. Wanda ya ga haɗin gado ya yi masa yawa a gari yana da hanya mai faɗi, domin zai iya bin sunan yanka da laƙabin Hausa wanda ya dace da gaskiyar haihuwar, kamar Ibrahim Tanko ko Maryam Jummai, ko ya bi shi da siffa kyakkyawa wadda ba ta keɓanta da kowa ba, kamar Nafisa ko Kabiru. Akwai kuma inda suna na biyu ya zama bukata ta gaske, watau idan yaro ya ci sunan mahaifinsa, kamar yadda akan yi in uban ya rasu kafin haihuwa. Ibrahim Halilu Ibrahim ya fi Ibrahim Ibrahim sauƙin ganewa a aji da kuma wurin rabon gado.

Daɗin furuci shi ma yana da ilminsa, ko da yake shi ne ƙarami. Kalmar Hausa galibi da wasali take ƙarewa, shi ya sa kakanninmu suka ce Muhammadu da Usmanu da Hafsatu, kuma wannan wasalin shi ke sa suna na farko ya zarce cikin na biyu ba tare da tuntuɓe ba. A gwada Muhammadu Sani da Muhammad Sani a ji wanda harshe ya fi so. Dogon suna ya fi zama da gajere a bayansa, domin Abdurrahman Abdulƙadir Abdullahi sai an ja numfashi a tsakiya. Sunaye biyu masu farawa da gaɓa ɗaya, irin Sani Sanusi, sukan sarƙe, haka kuma wasali ya ci karo da wasali, irin Amina A'isha, yakan sa a haɗiye ɗaya. Sunan uba kuwa ya riga ya tabbata, ba a sauya shi, saboda haka da shi za a auna sauran. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a faɗi sunayen uku a jere da ƙarfi kamar yadda malami zai kira rajista, sa'an nan a faɗi na farkon biyu kamar yadda uwa za ta ƙwala kira ta kan katanga da magariba.

Abin da kan biyo baya

Idan aka yi sakaci, illar ba ta bayyana ran suna, sai bayan shekara goma sha bakwai ko sha takwas. Yaro ya tashi a gida ana ce masa Abba, a firamare malami ya rubuta Sani Abdullahi, a sakandare aka rubuta Muhammad Sani Abdullahi, a wurin NIN ma'aikaci ya juya ya sa Abdullahi a farko ya kuma rubuta Mohammed da wasu haruffa, ranar rajistar jarrabawa sai na'ura ta ga mutum uku. Daga nan sai tafiya kotu don takardar rantsuwa, sai buga sanarwar gyaran suna a jarida, sai zirga-zirga tsakanin Gaya da birnin Kano, da kuɗin mota da na gyara waɗanda manomi zai sayar da buhun gero ko na gyaɗa kafin ya haɗa su, wani lokaci kuma kafin a gama an rufe rajistar shekarar. Irin wannan yakan sami maniyyaci a kan fasfo, ya sami tsoho a kan fansho, ya sami magada a kan kuɗin mamaci da ke banki. Mata sun fi shan wuya, domin bayan duk wannan wasu sukan cire sunan uba su sa na miji bayan aure, abin da ba shi da asali a shari'a ko a al'adarmu, kuma in auren ya mutu sai a sake sabon gyara. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna da nasu nauyin, tun da can da ƙa'idar Faransanci ake rubuta Yusufu da Usmanu, wanda ke da dangi ko harka a ƙasashen biyu sai ya kula ƙwarai.

Amfanin kuwa, idan an yi abin da tsari, shi ma a fili yake. A gari irin Balan, inda za a iya samun Muhammadu Abdullahi da yawa a unguwa ɗaya, suna na biyu da aka zaɓa da hankali yana raba mutum da takwaransa a takardar gona da ta asibiti, yana raya sunan wata kaka wadda da an manta da ita, yana kuma ba laƙabin Hausa wurin zama a rubuce bayan ya daɗe a baki kawai. Kuma ya kamata a sani cewa gurbin tsakiya ba dole ba ne. Wanda ya wadatu da sunansa da na ubansa yana iya barinsa fanko, muddin haka zai bar shi a kowace takarda.

Kirana ga iyaye da limamai da masu unguwanni na Balan da sauran ƙasar Gaya da Ajingi shi ne, a gama shawarar suna na biyu tun kafin ran bakwai, uba da uwa da malami su san da ita. Da an shafa fatiha, kafin taro ya watse, a sami mai kyakkyawan rubutu ya rubuta cikakken sunan da boko da ajami a takarda ɗaya, sunan yanka, da na biyu in akwai, da na mahaifi, a kai wannan takarda wurin ma'aikacin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a karɓo shaidar haihuwa da waɗannan haruffa, kuma ranar da za a sa yaro makaranta a riƙa masa ita a hannu, kada a bar malami ya rubuta abin da kunnensa ya ji.